Ɗumin da Na Roƙa wa Mama

Na kawo Mama Amurka shekara biyu bayan rasuwar Baba, kuma ba don ta so ba. Ni ce na matsa. Duk sa'ad da na buga waya gida sai in ji muryarta ta ƙara yin ƙasa. Ƙannena maza kowa yana fama da nasa gidan, ita kaɗai ce a ɗakin da suka tsufa tare da mijinta, a ƙauyenmu na kudancin Katsina. Na ce ta zo ta huta, ta ga likita. Ta ce wa zai kula mata da awaki? Na ce a sayar. Ta ce wa zai zauna a wurinta a majami'a ranar zumuntar mata? Na ce ai a nan ma akwai Allah. Haka muka yi ta ja har na ci galaba, domin ni tun ina yarinya in na kafe a kan abu sai an bar mini.

Ina haya a Greenbelt, a irin gidajen nan masu hawa uku da ake jerawa a gewaye da filin ajiye motoci. Namu a ƙasa yake, ciki biyu da falo, da wata ƙofar gilashi mai zugewa da ke fita ɗan tsakar gida na siminti wanda bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Aurena ya mutu tun kafin Mama ta zo, ban kuma haihu ba, saboda haka mu biyu ne kawai. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi can cikin Washington, ta arewa maso yamma. In yi musu wanka, in ba su abinci a baki, in juya waɗanda ba sa iya juyawa don kada gado ya ci musu jiki. Kullum in shiga jirgin ƙasa na Metro daga tasharmu, wadda ita ce ta ƙarshe a layin, in canza jirgi, in sauka in hau bas.

Cikin kayan da Mama ta zo da su akwai ɗan kasko na ƙasa, ta naɗe shi da tsohon zani ta cusa tsakanin kuka da daddawa. Na yi mata dariya ranar da muke kwance akwatin. Na ce, "Mama, kin ratso teku da kaskon wuta? Nan ƙasar bango ne ke ba da ɗumi." Ta ce in bar mata abinta. A gida, in sanyi ya sauka, bayan an kwashe tuwo takan ɗebi garwashi a murhu ta zuba a kaskon nan ta kai ɗaki ta ajiye kusa da gado. Da shi muka tashi, mu duka, kuma babu wanda ya taɓa ko ciwon kai. Ɗakin namu kuwa akwai tazarar hannu tsakanin bango da kwano, ƙofar ma ba ta taɓa rufuwa daidai ba. A lokacin ba mu san wannan tazarar tana yi mana wani aiki ba, tsine mata kawai muke yi. A Greenbelt kaskon ya koma na turaren wuta, shi ma jefi-jefi, a tsakar gida.

A lokacin sanyinta na biyu a nan ne abin ya faru, cikin watan Fabrairu. Tun farkon mako ake ta shelar dusar ƙanƙara a talabijin. Mutane suka share kantuna, babu burodi babu madara, kamar an ce duniya za ta tashi ranar Asabar. Ni dai na yi musu tsaki. Na tuƙa tuwo na kwana uku, na kaɗa miyar kuka tukunya guda, na jera wa Mama magungunanta na hawan jini a kan tebur. Ranar Alhamis shugabar aikinmu ta kira ta ce kowa ya zo Juma'a da jakar kaya, domin in hanya ta rufe babu mai canjin wani. Ta faɗa cikin murya mai laushi, amma na gane saƙon: wanda bai zo ba, ya yi zamansa gaba ɗaya.

Da safiyar Juma'a na tsaya a bakin ƙofa da jakata ina kafa wa Mama doka kamar ƙaramar yarinya. Kada ki fita ko nan da can. Kada ki buɗe wa kowa ƙofa, ko da ya ce ni na aiko shi. Ki bar wayar hannunki a kunne. Wannan ta ƙarshen na nanata, saboda Mama kashe wayarta take yi ta ƙulle a bakin zani, wai kada batir ya gaji.

Ta dube ni ta ce, "To, uwata, na ji. Je ki wanke tsofaffin mutane, taki tsohuwar za ta wanke kanta."

Da wasa ta faɗa, har tana dariya, amma maganar ta bi ni har cikin jirgi. Na ji haushinta, na kuma ji kunya.

Dusar ta fara da rana, kaɗan-kaɗan. Zuwa safiyar Asabar na leƙa ta tagar wurin aiki ban gane titin ba. Motoci sun zama tudu-tudu, itatuwa sun sunkuya, wasu rassan sun karye sun kwanta a kan wayoyin wuta, kuma har lokacin zuba take yi. An dakatar da bas. Jirgin da ke bi ta sarari, irin wanda ke zuwa unguwarmu, shi ma an tsayar. Mu shida ne ke kula da ɓangaren da a kan sa mutum goma sha biyu.

Wajen ƙarfe tara na buga wayar gida, shiru, ko ƙara ba ta yi. Irin wayar nan ce marar igiya, wadda in babu wutar lantarki ita ma ta mutu. Na buga ta hannu, sai a bugu na huɗu ta ɗauka.

"Ashe nan ma ana ɗauke wuta?" Abin da ta fara ce mini ke nan. "Kin ce mini ƙasar nan ba a yi."

"Tun yaushe, Mama?"

"Tun kafin gari ya waye. Abin ɗumin nan ya yi shiru, murhun ma ya ƙi. Tuwon ya yi kamar dutse, na dai gutsura. Ke, sanyin nan har cikin haƙori yake shiga."

Muryarta tana rawa, ina jin haƙoranta suna haɗuwa. A wurin aikina na san abin da sanyi ke yi wa tsoho mai ciwon zuciya, an koya mana, na kuma gani. Sai na shiga ba ta umarni da sauri-sauri. Na ce ta koma ƙaramin ɗaki, wato nata, ta rufe ƙofa. Ta kwaso tawul-tawul da zannuwa ta cusa a ƙarƙashin ƙofar. Ta bi gefen taga ta toshe duk inda take jin iska na shigowa, ko da tsumma ne, ko da takarda. Ta sa duk kayan sanyin da ke gidan, nawa da nata. Na ce, "Kada ki bar ko kafar allura, Mama. Kin ji ni?" Ta ce ta ji. Na ce ta kashe wayar don kada batir ya ƙare, ta kunna da ƙarfe ɗaya.

Akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen barandar wurin aikin inda muke ajiye zannuwan gado. Can na shiga na tura ƙofa na durƙusa tsakanin kantoci. Ni ba gwanar addu'a ba ce, in an ce in buɗe taro da addu'a a majami'a sai in ji bakina ya bushe. Amma ranar kalmomin da kansu suka zo. Na ce, "Ya Uba, ka san jikinta, kai ka yi shi. Ni na ɗauko ta daga ƙasarta na kawo ta nan, ba laifinta ba ne. Ba ni da hanyar zuwa wurinta. Ka ɗumama mini ita, ya Ubangiji. Ka aiko mata da ɗumi ta duk hanyar da ka ga dama, cikin sunan Yesu." Na tashi na share fuskata da zanin gadon mutane na koma bakin aiki.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci ta ɗauka, kuma muryar ta daina rawa.

"Kwantar da hankalinki," in ji ta. "Na sami dabara. Ɗaki ya yi ɗumi lau, har na cire hula."

"Wuta ta dawo?"

"Ina fa. Ke dai yi aikinki. Kaina ne kawai ke ɗan sarawa, barci kuma nake ji. Bari in ɗan…"

Sai wayar ta katse. Na sake bugawa, aka ce a kashe take. Batir ya ƙare ke nan.

Ga abin da har yau ban yafe wa kaina ba. Ban tambayi kaina wace dabara ba. Na ɗaga hannu sama a tsakiyar baranda na ce na gode Yesu. Na ɗauka tawul ɗin ne suka yi aiki, na ɗauka hikimata ce da addu'ata suka haɗu. Har na gaya wa wata abokiyar aikina cewa Allah ya amsa mini tun kafin gwiwata ta huce. Na yi fiye da awa ɗaya ina yawo da murna a cikina.

Ina ba wani tsoho abincin rana a ɗakinsa, a makare, talabijin tana ta surutu a saman kansa. Wata mata ce ke karanta gargaɗi: kada a kunna janareta a cikin gida, kada a shigar da murhun gasa nama ɗaki, domin gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi, mutum ya ji ciwon kai, ya ji barci, ya kwanta shi ke nan. Tun Litinin nake jin wannan gargaɗin yana wucewa ta bayan kunnena, na ɗauka da masu manyan gidaje ake. Cokali yana hannuna a bakin tsohon nan sai na tuna da rabin buhun gawayin da ya rage mana tun Kirsimeti, da muka gasa naman akuya. Yana nan a tsakar gida jikin ƙofar gilashi, na rufe shi da leda. Na tuna kaskon. Na tuna ɗakin da na sa ta toshe da bakina.

Ban san yadda na fita daga ɗakin ba. Na buga lambar gaggawa, Turancina ya watse, sai da matar ta sa na maimaita adireshin sau uku. Ta ce ta rubuta, za a tura mota, amma kira ya yi yawa kuma ba a share titunan cikin unguwa ba, ba za ta iya ce mini ga lokaci ba. Ta tambaya ko akwai wani a kusa da zai iya fitar da ita waje. Maƙwabtan da ke samanmu ban san ko sunansu ba, shekara huɗu muna gaisawa da ka. Ofishin masu gidan a rufe yake.

Mutum ɗaya na sani, wata Hajiya 'yar Ghana da ke ginin da ke fuskantar namu, a ƙetaren filin motoci. Tana sayar da atamfa, tana kuma dafa shinkafa da wake ga masu biki. Ta haura sittin, ga jiki, ga ciwon gwiwa, da kyar take hawa matakala. Ita ce ƙawar Mama tilo a ƙasar nan. Sukan zauna su yi ta musu a kan wace Hausa ce ta gaskiya, domin Hajiya irin ta Kumasi take yi, wadda ba ta raba mace da namiji, Mama kuwa ba ta gajiya da gyara mata.

Na ce, "Hajiya, don Allah, don girman Allah. Mama ta kunna gawayi a ɗaki, ta toshe ko'ina, wayarta ta mutu."

Ta yi salati. Ta ce, "Sno, ƙanƙaran nan, ya kai cinya fa, ƙanwata. Amma bari in je in duba shi. Kana da makulli a wani wuri?"

Babu. Sau biyu Hajiya ta taɓa cewa in ajiye makulli ɗaya a wurinta saboda tsaro, ni kuma na yi ta cewa sai gobe, don ba na son kowa ya riƙa shigar mini gida. Ta ce to, kada in kashe waya, za ta sa ta a aljihu.

Da wayar wurin aiki na kira matar fastonmu a Mitchellville. Kafin in gama magana ta haɗa matan zumunta su biyar ko shida a layi ɗaya, suka ɗauki addu'a gaba ɗaya da ƙarfi, wata da Turanci, wata da Hausa, wata da harshen garinsu. Suna ɗaure ruhun mutuwa, suna rufe Mama da jinin Yesu. Na san da zuciya ɗaya suke yi, na kuma san babu motar da za ta iya fita daga ƙofar gidan kowaccensu a ranar, komai girmanta. Duk da haka haushinsu ya kama ni. Suna cikin ɗumin gidajensu suna ba mutuwa umarni, ni kuma a ɗaya kunnen ina jin numfashin tsohuwa mai ciwon gwiwa tana ja da dusar ƙanƙara, tana cewa "Ya Allah, ya Allah" a kowane taku. Na ajiye tasu wayar a kan tebur ban kashe ba, na koma ɗakin zannuwa da tawa a kunne.

Filin motocin nan, in ranar lafiya ce, minti biyu ya ishi mutum ya ƙetare. Hajiya ta yi kusan minti ashirin. Sau biyu na ji ta faɗi. A cikin wannan lokacin na yi addu'a ta biyu, kuma ba irin wadda ake koya wa yara ba ce. Faɗa na yi da Allah. Na ce, "Ɗumi na roƙe ka, amma ka san abin da nake nufi. Ka fi kowa sani. Don me za ka bar ni in gode maka a kan abin da ke kashe ta?" Babu abin da nake ji sai hucin Hajiya. Sai tsoro ya kama ni a kan abin da na faɗa, na koma lallashi. Na ce, "Ka yafe mini, Uba, bakina ne. Ka bar mini ita. Ko yaya take, ka bar mini ita. Ko ba ta tafiya, ko ba ta magana, ni zan ɗauke ta, ai aikina ke nan. Kada dai ta mutu ita kaɗai a ƙasar mutane a ɗakin da na rufe ta." Na yi ta maimaita "ko yaya take" har ya zama ba na jin ma'anarsa.

Na ji Hajiya tana dukan ƙofa tana kiran Mama. Shiru. Ta zagaya ta baya, ta buga tagar ɗakin, shiru. Ta ciro wayar ta ce, "Ba ya amsawa. Zan fasa gilas." Na ce ta fasa, ta fasa duk abin da ta gani. Ashe da taɓaryarta ta dakan sakwara ta fito, tana dogarawa da ita a cikin dusar. Da ita ta daki ƙofar gilashin, sau uku kafin ta tarwatse. Daga nan sai ƙarar abubuwa, da tari, da salati. Ƙofar ɗakin ta ƙi turuwa saboda tawul ɗin da aka cusa, Mama ta yi aikin da kyau kamar yadda take yin komai. Sai da Hajiya ta sa kafaɗa.

Ta same ta a kan gado, ta yi amai a kan filo, kaskon yana gefe da sauran ja a cikinsa. Ta kamo ta ta hammata ta ja ta a ƙasa har bakin ƙofar da ta fasa, ta kwantar da ita rabin jiki a waje. Na yi ta ihu a waya babu mai amsa mini. Can ta ɗauka, tana haki, ta ce, "Yana numfashi. Bai buɗe ido ba, amma yana numfashi." Motar asibiti ba ta iya shiga filin ba, a babban titi ta tsaya, mutanen suka tako da ƙafa suka jawo Mama a kan wani abu kamar faranti.

Sai ranar Litinin aka sami masu canjinmu. Na yi awa biyar tsakanin jirgin ƙarƙashin ƙasa da tafiyar ƙafa kafin in kai asibitin. Na tarar da ita a zaune, da robar iska a hanci, ta rame a kwana biyu, amma idonta tar. Ta gane ni, ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da sata. Na yi niyyar in rungume ta, amma abin da ya fito daga bakina faɗa ne. Na ce wane irin ganganci ne wannan, ba ta san inda take ba, nan ƙauye ne? Na ɗaga murya har wata nas ta leƙo.

Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ai ban shigar da shi da hayaƙi ba. A waje na hura, na jira ya zama garwashi zalla, kamar yadda ake yi. Tun kafin a haife ki nake yi." Ta ƙara da cewa, "Kuma na toshe ko'ina, yadda kika ce."

Ba da zargi ta faɗa ba. So take in san ta bi maganata. Na fita baranda na zauna a ƙasa na yi kuka kamar raina zai fita.

Aka sallame ta bayan kwana biyar. Ranar Lahadi ta biyu muka yi godiya a majami'a. Mama ta ɗaura sabuwar atamfa, ta taka rawa a hankali har gaban bagade, matan zumunta suna guɗa a bayanta. Aka ba ni makirfo na ba da shaida, na ce Ubangiji ya fizge uwata daga bakin kabari, jama'a suka tashi tsaye. Na gaskata abin da na faɗa. Hajiya ba ta shiga ba, amma ta aiko da babbar kular shinkafa, ita kuwa gwiwar ba ta sake komawa daidai ba tun daga ranar.

Wajen mako uku bayan haka na buɗe firij na ga takalmin Mama a ciki. Na yi dariya, ita ma ta yi. Bayan kwana biyu ta tsaya a tsakiyar falo ta tambaye ni ina ne makewayi. Sai tafiyarta ta canza, ta koma ɗan taku-taku tana jan ƙafa. Matar da ba ta taɓa barin kowa ya ga ko zaninta na ciki a shanya ba ta fara yin fitsari a zaune ba ta sani ba. Likita ya nuna mini hoton kanta, ya ce haka gubar nan take yi wa wasu, musamman tsofaffi: mutum ya farfaɗo kamar ya warke, sai daga baya ɓarnar ta fito. Ya ce wasu suna dawowa cikin shekara guda. Na riƙe wannan kalma ta "wasu" na yi ta azumi a kanta. Mama ba ta cikinsu.

Na rage kwanakin aikina. Abin da nake yi wa iyayen mutane shi na dawo ina yi a gida, wanka, juyi, cokali a baki, kuma hannuna ya iya, wannan ne ma abin da ya fi ci mini rai. Mutanen majami'a suka riƙa zuwa da farko, sannan suka ragu, domin babu wanda ya san abin da zai ce wa matar da ya yi wa rawar godiya. Fasto ya ce kada in yi wa Allah gunaguni. Na ce masa ba gunaguni nake yi ba, abin da na roƙa shi aka ba ni, kalma da kalma, har sau biyu. Bai ji daɗin amsar ba, ni ma ban ji daɗinta ba. Ban daina addu'a ba, amma na zama mai tsoronta. In na durƙusa sai in yi ta auna kowace kalma, wani lokaci in tashi ban roƙi komai ba.

Zuwa watan Yuli ta daina gane ni gaba ɗaya. Takan gaishe ni da ladabi, ta ce sannu da aiki, ta ɗauka ni ma'aikaciyar asibiti ce. Wata rana da la'asar, ana zafi kamar a gida, fanka tana juyawa, na gama goge mata jiki ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Ta ce, "Baiwar Allah, ke mai bi ce?"

Na ce, "E, Mama."

"To taimake ni mu yi addu'a. 'Yata tana waje. Ta tafi aiki, ƙanƙara ta rufe hanya, kuma ba ta sa abin kirki a jikinta ba. Ba ta jin magana, tun tana ƙarama haka take. Ita kaɗai ce a ƙasar nan, ba ta da kowa."

Na durƙusa a gaban kujerarta, ta ɗora hannu a kaina don ta sami abin dafawa. Matar da ba ta iya haɗa zance biyu ta yi addu'a tiryan-tiryan, babu tuntuɓe. Ta roƙi Ubangiji ya riƙe ƙafar 'yarta kada ta zame, ya sa mutanen da take yi wa aiki su ji tausayinta, ya hana ta damuwa da tsohuwar da ta bari a gida domin tsohuwar tana lafiya. Ta ce ya dawo mata da ita kafin duhu. Ta rufe da sunan Yesu, ta jira, na ce amin.

Ta saki kaina ta juya tana kallon ƙofa. Ta ce in na fita in bar ta a buɗe kaɗan, don yarinyar ta sami hanyar shigowa.